Faifan Gidan Wakili

"Danna allurar, Abraham! Danna da yatsa, ga wurin ya zo!"

Muryar Naomi ce daga cikin ɗaki, a shaƙe, amma da sauran umarni a cikinta. Na tsaya a bakin zana da ƙwaryar nono a kaina. Abraham, babban ɗanta, yana tsugune a ƙofar ɗakin gaban garmaho, ya ɗora yatsa a kan allura. Faifan yana juyawa, yana hawa da sauka. Muryoyin yara suka tashi, tulu yana bugawa a ƙarƙashinsu, sai wata murya mai kauri ta namiji ta ce, "In na iso..." Allura ta yi tsalle, ta dira can gaba inda yaran suka sake ɗaukar amshi.

"Ya tsallake kuma," in ji Naomi.

"Mama, na danna."

"Ka danna kamar mai taɓa ƙwai. Kashe shi."

Na yi sallama na shiga. Tana kwance a kan gadon kara, ƙafafunta sun kumbura, fuskarta kuwa ta koma kamar ta yarinya don rama. Ta dube ni ta ce, "Kai Aminatu, yau ma ruwa ka kawo mana da sunan nono?" Hausar Naomi ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "kai" ne a wurinta. Na ce, "Uwar Abraham, ko ruwan ne ai ya fi ƙarfin tukunyarki, mai tsiyaya tun daga kasuwa." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Rugarmu tana bayan gidansu ne, a gefen Ushafa wajen duwatsu. Tun zuwanmu da maigidana Hammawa muka ƙulla da ita: ta ba ni tukunya, in ba ta nono da man shanu. Ita da cocinta, ni da sallata, ba mu taɓa faɗa a kan wannan ba. Faɗanmu ɗaya ne, na ɗaukar kaya. Ita a kafaɗa take ɗauka kamar sauran matan Gbagyi, wai kai na tunani ne ba na dako ba. Ni kuwa in ce shi ya sa tunanin ya yi mata yawa har ya hana ta ƙiba. In ina gidan sukan juya harshe zuwa Hausa, don kada in ce da ni ake.

Maginiyar tukwane ce, amma ba da tukwane aka san gidan ba, da waƙa ne. Mijinta Wakili manomin doya ne, dattijo a majami'arsu, Allah ya ba shi murya wadda in ya sake ta a gona shanunmu kan ɗaga kai. Shi ke tsara waƙoƙin yabo, yana noma yana jera su. Da yamma ya tara iyalinsa a tsakar gida: Abraham, da Asibi, da autansu Enoch. Babu wanda ya iya karanta waƙa a takarda a cikinsu. Naomi ce ke buga wani tulu da ta gina da rami a gefe, ta daki bakinsa da tafin hannu, kowa ya ɗauki muryarsa daga nan. Ana ce musu Mawaƙan Gidan Wakili. Ba Kirsimeti, ba biki, ba jana'iza, daga Bwari har Abaji an gayyace su, kuma mafi yawa a ƙafa suka je.

Shekarar da aka sami mulkin kai wani Bature ya zo a jif da tafintansa, Malam James, da wata na'ura mai zare. A ƙarƙashin mangwaron gidan aka ɗauki muryoyinsu. Ranar an sha wahala da dabbobi. Aka kifa kwando a kan zakaru, aka roƙi Hammawa ya kora shanu can bayan dutse, aka hana duk unguwar daka. Ni ma aka ce in na zo kallo kada in yi tari. Bayan watanni Malam James ya dawo da ɗan garmaho mai hannun murɗawa da faifai guda ɗaya, baƙi mai ƙyalli. An ce akwai irinsa da aka rarraba a wasu majami'u, amma ba wanda ya san inda suka ƙare. A Ushafa dai wannan ne kaɗai.

Waƙar da ke kai ita ce wadda aka fi so. Amshinta yana cewa, "Kayana a kafaɗa, hanya da nisa, Mai Ceto tare ni a bakin rafi." A tsakiya kowa kan yi shiru, Wakili ya rera baiti ɗaya shi kaɗai. Wannan baitin ne allura ke tsallakewa.

Ba kowa ya ɓata faifan ba, Naomi ce da hannunta. Daminar da Wakili ya rasu ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwati. Ta ciro faifan ta wanke shi tas, ta shanya a kan dutse kusa da kuɓewa, ta tafi ɗebo yumɓu. A saninta duk abin da ya jiƙe rana ce maganinsa. Ko da ta dawo ya lanƙwashe a gefe ɗaya kamar busasshen ganye. Tun daga ranar ba a sake jin Wakili ya kai ƙarshen maganarsa ba.

Da Abraham yana waƙa da abin bai yi zafi haka ba, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, muryar uban ce sak a maƙogwaronsa. Amma Lahadin farko bayan jana'iza, da ya ɗauki baitin ubansa a coci, tulu ya suɓuce daga hannun Naomi ya fashe, ta tashi ta fita. Shi ke nan Abraham ya rufe baki. Bai ce don me ba, ita ma ba ta tambaya ba. Gidan Wakili akwai murya, amma akwai taurin kai. Fiye da shekara goma ke nan, ko gaisuwa ƙasa-ƙasa yake yi.

Yanzu ga Naomi a kwance. An kai ta asibiti a Abuja, wadda yau ake ce wa Suleja, aka dawo da ita da ƙwayoyi a takarda. Kowa ya gane abin da wannan ke nufi, har ita. Ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya: ta ji baitin nan daga bakin mijinta kafin ta bi shi.

Ana cikin haka Enoch ya iso daga Kaduna. Can yake buga jita a wani otal, irin kiɗan baƙaƙen Amurka da suke ce wa sol. Ya tara suma, wandonsa yana share ƙasa. Uwar ta kalle shi tun daga sama har ƙasa ta ce, "Ba aska a Kaduna ne?" Ya durƙusa ya riƙe hannunta.

Ya zo da rakoda da batir da kaset. Ranar da ya iso ya sa Abraham ya murɗa garmaho, ya kara rakodar a bakin garmahon, ya kwashe waƙar kaf, da tsallen allurar da komai.

"Kin ga, Mama? Yanzu ko faifan ya ɓata muna da kwafi."

"Kwafin gurgu ai gurgu ne," in ji ta. "Ni miƙe shi za a yi."

"A ina? Ko a Kaduna ogana ya ce ba a gyara irin wannan."

"Oganka ya taɓa toya tukunya? Rana ce ya lanƙwasa shi, ɗumi zai miƙe shi. Kai Aminatu, in sandar Hammawa ya karkace, me yake yi?"

Na ce, "Gasawa yake a wuta ya taka."

"To, ka ji."

"Mama, wannan ba sanda ba ne, ba yumɓu ba ne."

"Ni na lanƙwasa, ni zan miƙe. Asibi, zo nan."

Asibi ce ta gaji ginin tukwane, ita ce kuma mai jinya. A daren da ya gabata matan unguwa sun toya tukwanensu a matoya, filin da suke tara itace da ciyawa su cinna wa tukwane wuta, da safe kuma an kwashe. Naomi ta tsara mata aikin dalla-dalla. Ta naɗe faifan a tsohon zane, ta sa shi tsakanin fala-falen duwatsu biyu, ta binne a gefen toka, ba a tsakiya ba. Kafin nan ta ɗora bayan hannunta a kan tokar ta karanta Addu'ar Ubangiji. In ta kai amin ba ta janye hannu ba, ɗumin ya yi daidai. Da haka suke gwada toka in za su ɗumama ɗanyar tukunya, kuma ban taɓa jin ya ba su kunya ba.

Na raka Asibi. Ta ɗora hannu, ta karanta addu'arta har amin, ta ƙara da wani amin ɗin don tabbatarwa. Muka binne, muka koma gida, Naomi ta ce a bar shi sai rana ta karkata. Ita kam ranar har kunu ta sha.

Da muka je tonowa, tun kafin Asibi ta ɗaga dutsen sama na ji wari kamar na ƙonannen ƙaho. Toka munafuka ce, samanta sanyi, ƙasanta wuta. Zanen ya manne. Da ta ɓare shi a hankali sai ga faifai ya miƙe sarai, yadda uwar ta ce. Amma siraran layukan nan da allura ke bi sun shafe, babu komai a fuskarsa sai sawun saƙar zane. Garin neman gira an rasa ido.

Asibi ta zauna daɓas a cikin toka ta ɗora hannu a ka. Ban san lokacin da na fara kuka ba ni ma, ni da ko amshin ban taɓa yi ba.

A bayan rumbu muka haɗu mu huɗu, inda Naomi ba za ta ji ba. Enoch ya ɗora faifan a garmaho don ya cire shakka. Ba abin da ya fito sai shuuu.

"Sai a gaya mata," in ji Abraham.

"Kai za ka gaya mata?" Asibi ta ce. "Ka je ka ce, Mama, kin kashe Baba sau biyu?"

Enoch yana ta juya kaset a hannunsa, can ya ce, "Ina da kwafi. Idonta ba ya gani sosai, kuma daga ɗaki ba ta hango waje. In kunna rakoda a ƙofa, in an zo wurin tsallen in tsayar. Yaya ya rera baitin daga bayan bango. Ya gama, in sake kunnawa."

"Ba zan yi ba."

"Yaya..."

"Na ce ba zan yi ba. Kun manta abin da ya faru a coci? Tana tsaye da ƙafarta ma ta kasa ɗauka, balle yanzu."

Duk suka juyo suna kallona, kamar ni ce alƙali. Na ce, "Abraham, ni ban san addininku ba, ban san ko wannan ƙarya ce a wurinku ba. Abin da na sani, matar nan kullum da safe sai ta tambaye ni ko rana ta fito, don ta san ko za ta ƙara kwana. Ba ta da wata damina. In da abin da za ka ba ta, yau ne."

Sai Abraham ya ce, "Faifai yana da ƙara a ƙarƙashinsa. In rakoda ta tsaya za ta ji shiru."

Asibi ta share ido ta ce, "Ƙarar ai ta suyar gyaɗa ce. Zan zuba yashi a kasko in riƙa juyawa."

Haka aka yi, da la'asar sakaliya. Aka ce ni in zauna ciki in tallafe ta. Na jingina ta da ƙirjina, ba nauyi ko kaɗan. Enoch ya leƙo ya ce, "Mama, ya miƙe." Wannan dai bai yi ƙarya ba.

"Ban gaya maka ba? Je ka faɗa wa oganka."

Rakoda ta fara. Tulu, sannan yaran nan uku da muryoyinsu na da, Enoch ɗan ƙarami yana tsiwa a sama da kowa. Naomi ta rufe ido, yatsunta suna bugawa a kan gwiwata. Ina jin zuciyata tana dukan bayanta. Muryar Wakili ta ce, "In na iso..." Wani ɗan ƙas ya biyo baya, yashi ya fara shuuu a kasko, sai murya ta taso daga bayan bango:

"...da yamma, kada a rufe ƙofa,
Akwai na bayana, suna tafe a hankali.
Ku bar musu fitila, ku bar musu ruwa,
Kayansu ya fi nawa nauyi."

Wallahi da ban san shirin ba da na rantse Wakili ne ya dawo daga gona. Yatsun Naomi suka tsaya cak. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shiga kunne. Rakoda ta sake ɗaukar amshi har waƙar ta ƙare, ba wanda ya motsa a waje.

Can ta buɗe ido ta ce, "Wakili ba ya jan numfashi a kan fitila. Sai ya kai ruwa."

Ta juyo da kai wajena.

"Faifan ya ƙone, ko?"

Na ce, "Ya ƙone, Uwar Abraham."

Ta gyaɗa kai. "Ni yumɓu na sani." Sai ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta. "Abraham! Shigo, ka daina laɓewa kamar ɓarawon kaji. Kai kuma Asibi, sauke kaskon nan, ba gyaɗa a ciki, tun ɗazu hancina yake jira."

Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kawuna a sunkuye. Abraham ya durƙusa a bakin gado, ƙaton mutum mai 'ya'ya, yana kuka kamar yaro.

"Mama, ki yafe. Ba mu so..."

"Yi shiru. A'a, kada ka yi shiru, shirunka ya ishe ni." Ta laluba ta kamo kunnensa. "Ranar nan a coci ubanka na ji a bakinka, ban shirya ba, hannuna ya mutu. Na fita in yi kuka in dawo. Wa ya ce ka rufe baki?"

"Na ɗauka ba kya son ji."

"Ni kuma na ɗauka kai ne ba ka iyawa. Ina ta fama da allura, ashe abin yana cin tuwo a gidana." Ta saki kunnen. "Asibi, kawo tulu. Enoch, abin naka yana ɗaukar murya ko kwafi kawai ya iya?"

"Yana ɗauka, Mama."

"To juya shi."

Ba a kifa wa zakaru kwando ba wannan karon, ba a hana kowa daka ba. Aka ɗora mata tulun a cinya, wanda ta gina a madadin fasasshen, na riƙe mata shi. Ta daki bakinsa sau ɗaya, amon ya fito siriri, amma ya isa. Kowa ya ɗauki muryarsa. Daga nan hannunta ya gaji, Asibi ta karɓa. Suka yi waƙar tun daga farko, ita tana bi da leɓe, wani wuri murya ta fito, wani wuri iska kawai. Da aka zo baitin, Abraham ya ja numfashi tun da wuri ya riƙe har ya kai ruwa. Maƙwabta suka cika tsakar gida ba wanda ya kira su. Har Hammawa na hango a bakin zana, ya dogara da sandarsa.

Ta ƙara kwana biyu. Ranar kasuwar Bwari da hantsi, ina tatsa, na ji kukan Asibi ya tsallako zana. Na ajiye ƙwarya na tafi. Na tarar an riga an rufe mata ido, Abraham yana zaune a ƙasa ya riƙe ƙafarta. Na yi rashin ƙawa, kuma har yau ban sami mai zagin nonona yadda take yi ba.

An binne ta kusa da Wakili. Mawaƙan Gidan Wakili suka yi waƙa a bakin kabari, su uku, kuma daga nan ba su daina ba. Enoch ya koma Kaduna amma yana zuwa duk Kirsimeti da jitarsa, 'ya'yan Abraham suka shiga sahu, an ce har kaset-kaset sun yi daga baya. Ƙonannen faifan kuwa Asibi ta rufe bakin tulun da shi, don kada ɓera ya shiga.

Kaset ɗin farko, wanda aka ɗauka ranar nan a ɗakin Naomi, yana wurin Abraham. Ba ya kunna shi sai jefi-jefi, saboda batir, kuma in zai kunna yakan aiko a kira ni. In zauna a bakin ƙofa a kan 'yar kujerar Naomi. Ana jin zakara a ciki, ana jin taɓarya daga gidan maƙwabta, ana jin saniyarmu tana kiran ɗan maraƙinta. In waƙar ta ƙare ba ya kashewa. Yakan ɗaga hannu kada kowa ya yi magana, zaren ya ci gaba da juyawa, a ji motsin gadon kara, a ji numfashi. Sannan muryarta ta fito, kusa-kusa, kamar tana jingine da ƙirjina.

"Kai Aminatu, rufe min ƙafa."